Tiyon da Bai Yanku Ba

Motar Baba Direba ta tsaya ne a gindin gangara, hancinta cikin bangon kwalbati, bayanta a ɗage kamar saniyar da ta durƙusa ta kasa tashi. Kafin Mai Sawu ya iso an riga an zaro Auta, 'yar mai motar, an yi asibiti da ita. Abin da ya tarar shi ne fasasshen gilashi, da takalminta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, da mutanen unguwa sun yi dafifi, kowa na faɗin albarkacin bakinsa.

Mai Sawu kawun yarinyar ne, ƙanin mahaifiyarta ciki ɗaya. Ƙuruciyarsa duk a daji ya ƙarar da ita, yana gaba 'yan sanda na biye, ana bin sawun shanun sata, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Yanzu girma ya zo, gadi yake yi a wani ɗakin ajiyar siminti, amma idonsa bai daina karatun ƙasa ba.

"Birki ne ya tsinke mata," in ji wani.

"Wane irin tsinkewa?" wata mata ta ce. "Ba kwanan nan aka sa wa motar sabbin kayan birki ba? Har ni sai da tsohon nan ya sa na duƙa na leƙa."

Gaskiyarta, babu wanda bai leƙa ba. Motar ta girmi duk 'ya'yan Baba Direba. Wani attajiri da ya yi wa tuƙi ne ya bar masa ita da ya ajiye aiki, baƙa, mai dogon hanci da zagayayyun fitilu, irin wadda yanzu sai a hoto. Yana ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Da tsofaffin tiyon birkinta na roba suka kumbura, bakanikensa, wani da ake kira Gajere, ya samo masa sababbi: tiyo ne siriri, an saƙa masa rigar wayar ƙarfe mara tsatsa, yana ƙyalli kamar sarƙar agogo. Tun daga ranar, duk baƙon da ya shigo gidan sai Baba Direba ya karya sitiyari, ya sa shi tsugunawa a bayan taya. "Duba nan," yakan ce. "Wannan ko jikokina ba za su canza shi ba."

Mai Sawu ya rabu da su. Ya hau gangarar da ƙafa, kansa a sunkuye, har ƙofar gidan, ya sake gangarowa. Babu ɗigon mai ko ɗaya a kan kwalta, sai dab da kwana, inda dole mai tuƙi ya danne birki da ƙarfi. A nan man ya yi feshi lokaci guda. Ya kwanta a gefen motar, ya cusa kai bayan tayar gaba ta hagu. Tiyon ya fashe, wayoyin sun miƙe tsaye kamar ƙayar bushiya. Amma gefe da gefen fashewar akwai tabo-tabo a jere, inda wani abu mai baki biyu ya ciza, ya saki, ya sake cizawa.

Ya fito yana kaɗe riga. Kuskuren da ya yi shi ne, da aka tambaye shi, ya ba da amsa a gaban jama'a.

"Ba don kansa ya fashe ba. Da hannun mutum."

Kafin ya rufe baki samari sun nufi garejin Gajere. Ko da Sufeton 'yan sanda ya isa, an riga an kumbura wa bakaniken ido. Ya jefa shi a bayan mota ya tafi da shi, rabi kamu, rabi ceto.

*

A asibiti likita ya ce rai yana nan, amma ƙashin baya ya taɓu. Ko za ta taka, ko ba za ta taka ba, bai ce komai ba tukuna.

Baba Direba na zaune a kan benci, ya zuba wa bango ido. Gefensa matarsa ce, yayar Mai Sawu, ta dunƙule cikin mayafi, hannu da ƙafa, sai leɓɓanta ke motsi.

"Ni na miƙa mata makulli," Baba Direba ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Ta makara makaranta, ɗalibanta na jiran ta da jarrabawa. Ta ce za ta nemi tasi. Na ce wace tasi, ga mota a gida da sabon birki?"

"Maigida, ka daina wannan."

"Ni aka nufa, Mai Sawu. Wa ke tuƙa motar nan in ba ni ba? Ka bi wa mutane sawun shanu, ka bi wa wasu na akuya. Yau ka bi mini wannan. Ka kawo mini shi in ji muryarsa."

Yaya ta ɗago kai. Ita kaɗai ta rage a duniya da ke kiran sa da sunan da ta sa masa tun tana goyon sa.

"Dogo, abin da ya faru ya riga ya faru. Bin sawu zai tayar da ita?"

"Ba zai tayar da ita ba, Yaya. Amma akwai mutum a tsare, ban sani ba ko da hakkinsa."

Ta mai da kanta ƙasa.

*

Rumfar da motar ke kwana tana gefen tsakar gida. Ƙasarta ta sha baƙin mai shekara da shekaru har ta yi laushi, duk abin da ya taka ta sai ta riƙe. Mai Sawu ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin rumfar, ya daɗe bai motsa ba.

Ga takalmin Auta, ya tafi ƙofar mota bai dawo ba. Ga na Baba Direba, gajeren taku, mai jan ƙafa, kullum a jikin bango. Ga silifas ɗin Yaya ko'ina, wannan bai ƙirga ba, gidanta ne. Baƙi biyu ya gani: wani takalmin but mai nauyi da ya shigo daga ƙofa ya tsaya a bakin rumfa ya koma, da wani takalmin ofis mai santsi da ya yi ta kai kawo a gaban mota.

A daidai inda tayar hagu ke tsayawa kuwa, akwai 'yan ramuka huɗu, na ƙafafun ƙaramar kujera. Tsakaninsu da shatin tayar wasu abubuwa ke ƙyalli. Ya lashi yatsa ya ɗauko ɗaya. Guntun waya ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ke nan ba a gareji aka yi aikin ba, a nan aka yi. Kuma wanda ya yi bai yi shi a tsorace ba. Zama ya yi.

*

Sufeto ya san shi tun zamanin shanu, ya bar shi ya ga Gajere a bayan kanta. Idon bakaniken ɗaya a rufe yake.

"Baba, rabona da gidan tun ranar da na ɗaura su," ya ce. "Ni na ba shi shawarar, wannan ba zan musa ba. Na roban sun kumbura, in ka taka birki sai ka ji kamar ka taka soso. Ƙafarsa kuma ba ƙarfi kamar da. Na ce masa mai rigar ƙarfe ba ya buɗewa, kana taɓawa zai kama. Alheri na nufa. Mutumin da tun ina wanke sufana nake shiga ƙarƙashin motarsa, me zan ci da jininsa?"

"In da na roba aka yanka, me zai faru?"

"Ai da an huta. Wuƙar yanka albasa ma ta raba shi biyu. Man ya tsiyaye a rumfa, wanda ya shiga ya taka birki ya ji ya nutse har ƙasa, ya fito abinsa. Ko ƙofa motar ba za ta kai ba. Wannan kuwa ƙarfinsa duk a rigar yake. In ka cinye wayar ka bar na cikin, ba zai ɗiga ba, birki zai kama lafiya lau a tsakar gida. Sai an danne shi da gaske ya yi bindiga. Ita kuma motar tsohuwar ƙira ce, layin manta ɗaya ne. Tiyo ɗaya ya tafi, ƙafa huɗu sun tafi."

Mai Sawu ya buɗe tafin hannu ya nuna masa guntun wayar. Gajere ya ja baya kaɗan, kamar an nuna masa kunama.

"Riƙe ta a hankali. Wayar nan muguwa ce. In tana saƙe, siliki. In ta tsinke, allura. Duk wanda ya yi kokawa da ita ba safar hannu, sai ta ci yatsunsa, kuma ciwon ba ya warkewa da wuri."

"Mu ga naka."

Gajere ya miƙo hannuwa ta tsakanin ƙarafa. Baƙin mai ne a ƙarƙashin farce, da tsoffin tabbai. Babu sabon huji ko ɗaya.

"Iyalina suna saman garejin, Baba," ya ce da Mai Sawu ya juya. "An ce samarin sun yi maganar fetur."

*

Mai but ɗin ba shi da wuyar samu. Maƙwabcin gidan ne, mai walda, wanda kowa ya ji shi kwanakin baya yana rantsuwa sai ya ga bayan motar. Mai Sawu ya same shi a shago, bai kunna inji ba, yana zaune kan tulin ƙarafa.

"Na faɗa," ya ce, tun kafin a tambaye shi. "Ko gobe aka tambaye ni zan ce na faɗa. Tsohon ya zo yin baya da mota, 'yata tana tsaye da bokiti a bakin famfo. Bokitin ya taka, ya mai da shi faranti. Saura ƙiris. Da na yi magana sai ya ce bai ga kowa ba. To ai matsalar ke nan, bai gani ba."

"Me ya kai ka rumfarsa?"

"Tsani na mayar. Na jingina shi na fito, ko motar ban kalla ba."

Mai Sawu ya miƙa masa hannu kamar zai yi sallama, ya riƙe, ya juya tafin. Ƙunar tartsatsi ce birjik, tsohuwa da sabuwa, amma ba huji.

Mai walda ya gane, ya yi murmushin da ba daɗi. Ya nuna injin yanka ƙarfe da ke rataye.

"Na je na ga tiyon nan da idona. Da ni ne, ga abin da zai raba shi kafin ka ce kwabo. Wancan ba aikin mai kayan aiki ba ne. Wanda ya yi ba shi da makami, ba shi da ƙarfi, sai naci."

Maganar ta bi Mai Sawu har titi.

*

Mai takalmin ofis kuwa Ɗan Fari ne, babban ɗan gidan. A harabar asibiti ya same shi, ya jingina da bishiya, waya a hannu ba ya kallon ta. Unguwa ta san sun sha yin sa-in-sa da uban a kan motar, har ya taɓa ɓoye makulli.

"Kawu, ni ma ana zargi na ko?"

"Takalminka ya yi zarya a gaban motar."

Ɗan Fari ya sauke numfashi. "Jiya da rana na kai shi wurin likitan ido. Likita ya ce ido ɗaya ya tafi, ɗayan ma hazo ne, kada ya kuskura ya sake riƙe sitiyari. Ka san abin da ya ce? Wai likitan yaro ne, lokacin da ya fara tuƙi ba a haifi ubansa ba. Wai yanzu da ya sa sabon birki ma zai fara doguwar tafiya, zai kai Inna ganin dangi. Da muka dawo na tsaya gaban motar, ina tunanin in zare mata wani abu a inji. Ko yadda ake buɗe bonet ɗin ban sani ba. Na yi ta zagaye kamar kaza, na haƙura."

Hannuwansa sumul suke, na mai riƙe biro.

"Da kuka tafi asibitin, wa kuka bari a gida?"

"Inna kaɗai. Auta na makaranta." Ya ɗan yi tunani. "Ka tambaye ta mana, ko ta ga wani ya shigo. Yanzu ta koma gida ɗauko wa Auta kaya."

Mai Sawu ya ce to. A daji, in sawu ya nufi inda ba ya so, yakan ce wa kansa shanu ba su san zumunci ba. Yau babu abin da zai ce wa kansa. Ya bi doguwar hanya, ya tsaya kallon masu faci, ya tsaya kallon abin da ba abin kallo ba, amma duk inda ya bi hanyar gidan take ɓullewa.

*

Ya sami Yaya a ɗakinta, gefen keken ɗinkin da ta ciyar da yaran da shi lokacin da mijin ke kan hanya. Ta cire mayafi. Ta tara zannuwa da tawul a cikin jaka, tana ƙoƙarin jan zif, zif ɗin na kuɓuce mata. Babban yatsanta da manuni na hagu an naɗe su da ƙyalle. Sauran yatsun da ba a naɗe ba duk ɗigo-ɗigo ne ja, kamar ta damƙi ƙaya.

Ta ga inda idonsa ya sauka. Ba ta ɓoye ba, lokacin ɓoyewa ya wuce.

"Allura ce," ta ce.

"Allura," ya ce.

Babban almakashinta na kan keken. Ya ɗauka, ya sa a bakin wani ƙyalle. Almakashin ya tauna ƙyallen, ya ƙi yankawa. Bakinsa duk giɓi ne.

Ya ajiye shi a inda ya ɗauka. Ya tsuguna ya ja mata zif ɗin, ya ɗauki jakar. Wannan matar ita ta tauna abinci ta sa masa a baki bayan rasuwar uwarsu. Ita ta sayar da 'yan kunnenta ranar da aka ce ƙafarsa sai an yi aiki.

"Mu je, Yaya. In raka ki."

Suka kama hanyar asibiti.

*

Washegari aka wayi gari an jefe gilasan garejin Gajere, matarsa ta kwashe yara ta gudu gidan 'yar'uwarta. Sufeto ya ce ba zai iya riƙe mutum haka kawai ba, kotu zai miƙa shi. Mai Sawu ya roƙe shi alfarma ɗaya: ya kawo Gajere gidan Baba Direba, a kira mai walda da Ɗan Fari, a zauna.

Aka zauna a falo. Baba Direba na kan kujerarsa, sanda tsakanin gwiwoyi. Sufeto na bakin taga, don a waje mutane sun fara taruwa. Yaya ta kawo ruwa ta ajiye, ta koma ta tsaya a bakin ƙofar ciki, hannuwanta cikin mayafi.

Mai Sawu ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa: a rumfa aka yi, a zaune aka yi, da abin da ba na yanka ƙarfe ba. Ya faɗi abin da wayar ke yi wa yatsu. Bai ambaci kujera ba, bai ambaci silifas ba.

"Kowa ya ɗora hannunsa a kan tebur," ya ce, ya fara ɗora nasa.

Gajere ya ɗora. Mai walda ya ɗora. Ɗan Fari ya ɗora. Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, ya girgiza kai.

"Babu ko ɗaya a cikinsu," Mai Sawu ya ce. "Mutanen nan uku ba su da hannu. A faɗa wa na waje."

"To wane ne?" in ji Baba Direba.

Mai Sawu ya kalli tebur. Tun da yake bai taɓa yi wa sawu ƙarya ba.

"Sawun ya ɓace mini, Maigida. An tattake wurin."

"Kai? A rumfar da ba ta kai ɗaki ba?"

"Girma ya zo. Idon ba kamar da ba."

Sufeto ya gyara tsayuwa. "Baba, ina ganin girmanka, amma yatsu ba hujja ba ne a wurina. Mai sana'a yana da safar hannu. In ba ka da wani, bakanike zan koma da shi. Ko na sake shi ma, ka ji abin da ke waje. Ba zai kwana lafiya ba."

Gajere ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa.

Sai aka ji jan silifas. Yaya ta taho a hankali, ta ratsa tsakanin ɗanta da maƙwabcinta, ta zaro hannuwa daga mayafi. Ta warware ƙyallen, ta ɗora su a kan tebur kusa da na ƙaninta.

"Ku saki yaron mutane," ta ce.

Ɗan Fari ya miƙe, ya sake zama. Mai walda ya kau da kai. Sufeto ya cire hula.

"Me ya faru?" Baba Direba ya tambaya. "Me ta ce? Me kuke kallo?"

Ita ta zagayo, ta durƙusa a gabansa, ta sa hannunta cikin nasa. Ya ɗaga shi har kusa da hancinsa, ya karkata kai, ya ƙanƙance ido. Bai ga komai ba. Sai ya bi yatsun da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya, yana jin ƙurajen. A na uku ya tsaya.

"Ke?"

"Ni."

"Ni kika so ki kashe?"

"Kai na so in raya." Muryarta ba ta rawa, kamar ta gaji da rawar. "Na roƙe ka, ka ce mace ba ta san mota ba. Ɗanka ya roƙe ka, ka ce gado yake so. Ka taka bokitin yarinya, ka dawo kana dariya. Da can in tiyo ya fashe, motar takan yi wata da watanni a rumfa kafin a samo wani, ni kuma in yi barci. Sai aka kawo wanda ka ce ba ya fashewa har abada. Na ce bari in yanka, man ya zube, ka shiga ka ji ba birki, ka fito. Na zauna da almakashi har hannuna ya yi jini. Ya ƙi yankuwa. Na duba ƙasa, ko ɗigo babu. Na ce ƙarfe ya fi ƙarfina, na tashi."

"Da safe fa?" Ɗan Fari ya ce, da ƙyar. "Inna, kina nan ta ɗauki motar."

"Ina nan. Ina tsaye a ƙofar nan. Ta taka birki a tsakar gida, na ga jar fitila ta kama, motar ta tsaya cak. Na buɗe baki. Na ce in na yi magana sai na faɗi dalili, ga ubanku a tsaye. Na ce ai ban yi wa tiyon komai ba. Ta ɗaga mini hannu. Ni ma na ɗaga mata."

Baba Direba bai saki hannun ba, bai kuma ƙara riƙe shi da kyau ba. Yana nan zaune, bakinsa a buɗe kaɗan, hawaye na bin idon da ke gani da wanda ba ya gani.

Sufeto ya buɗe ankwar Gajere. Bakaniken ya murza wuyan hannu, ya kalli tsohuwar, ya kalli tsohon.

"Da na bar masa na roban," ya ce.



*

Sufeto ya ɗauki bayaninta, ya ce ta koma gida, kada ta bar gari, sauran magana sai abin da na sama suka ce. Unguwa ta yi tsit. Waɗanda suka jefi gareji suka riƙa bin wata hanya. Motar aka ja ta aka kai bayan ofishin 'yan sanda, Baba Direba bai tambayi inda take ba.

Auta ta dawo hayyacinta sosai bayan 'yan kwanaki. Ta ji ana tsunkulin hannunta, ba ta ji na ƙafa ba. Uban ya kasa faɗa mata, wan ya kasa. Aka tura Mai Sawu.

Ya zauna a gefen gadon. Ta rame, an aske gefen kanta an yi ɗinki.

"Kawu, an ce ka gano."

"Na gano."

"Kowa ya shigo sai ya kalli silin. Inna kuma ba ta shigo ba tun da na farka. Faɗa mini."

Ya faɗa mata. Bai ƙara ba, bai rage ba: almakashin, da jar fitilar, da ɗaga hannun. Yana magana tana kallon ledar ruwan da ke ɗiga cikin jijiyarta.

"Ni ma na san ba ya gani," ta ce daga baya. "Duk mun sani. Ni nake karanta masa lambar mitar wuta."

"Tana waje, a kan benci. Kullum a nan take wuni. Ta ce in tambaye ki ko ta shigo."

Auta ta rufe ido. Hawaye ya gangara ya shiga kunnenta, ba ta iya juyawa ta share ba. Ya sa bakin rigarsa ya share mata.

"Ba yau ba, Kawu."

Ya fito. Yaya na zaune a ƙarshen bencin, kwanon abinci a cinyarta, an ɗaure shi da ƙyalle. Ta dube shi sau ɗaya, ba ta tambaya ba. Ta miƙa masa kwanon.

"Ka ce ma'aikaciyar jinya ce ta kawo. Ba ta son mai yawa, na rage."

Ya karɓa. Bai koma ciki ba tukuna, ya zauna kusa da ita. Masu jinya na wucewa, ana tura wani a keke, wata na kiran sunan wani.

"Gobe ma zan zo," ta ce.

"Zan biyo in ɗauke ki, Yaya."